Bidiyon tarihin yaƙi da katangar shekara 18: wa abin ya taɓa shafa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ji ko ni kaɗai abin nan ke samu. 'Yan shekara 15 zuwa 17 nake koyarwa. Makon jiya muka iso ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sai na ba su aikin gida su kalli wani bidiyo a intanet kan abin da sojojin Birtaniya suka tarar a Bergen-Belsen, sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi a Jamus, ranar 15 ga Afrilu, 1945. Bidiyo ne mai natsuwa, babu kiɗa, mai bayani yana magana a tsanake. Washegari rabin aji suka ce ya ƙi buɗuwa, wai sai wanda ya tabbatar ya kai 18. Waɗanda suka kalla kuwa, da na tambayi yadda suka yi, sai aka hau sunkuyar da kai. Wannan da wayar babansa, wancan tun yana ɗan shekara 12 ya rubuta cewa a 1990 aka haife shi. Waɗanda suka faɗi gaskiyar shekarunsu, su aka rufe wa ƙofa. Kowa ya kawo nasa labarin.

Mai Haɗa Bidiyo:
Wa alaikumussalam Malam, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Ni ɗora irin waɗannan bidiyon nake yi. Mutane sun ɗauka yara kaɗai katangar ke tarewa. Da zarar an liƙa ta, babba ma in bai shiga akawun ɗinsa ba ba zai kalla ba, bidiyon yakan daina buɗuwa a shafukan makarantu da aka jingina shi, talla ta ragu ko ta yanke ɗungurungum.

Na shafe makonni ina haɗa ɗaya kan gwabzawar Somme, wadda aka yi a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ranar farko kaɗai, 1 ga Yuli, 1916, an kashe sojojin Birtaniya sama da 19,000. Minti arba'in na taswira da wasiƙun sojoji, sai 'yan daƙiƙoƙi na tsohon hoto baƙi da fari, gawarwaki a cikin rami. A kan wannan aka rufe shi. Na ɗaukaka ƙara, kafin in tashi daga kujera amsa ta dawo wai an duba, hukunci na nan. Yaushe aka kalli minti arba'in? Abin da ya fi ci mini rai, cikin bidiyon har na kawo zancen yara kusan 250,000 da suka shiga sojan Birtaniya a wancan yaƙi ba su kai shekarun ɗauka ba. Ɗan shekara 16 ya kwana a ramin, ɗan shekara 16 na yau an ce bai isa ya ga hoton ramin ba.

Uwar Uku:
Ku yi haƙuri, ni ta wani gefen na gan shi. Autana shekararsa tara, jiragen yaƙi ne abin sonsa. Na bar shi yana kallon yadda aka ƙera su, na shiga wani aiki. Bidiyo ya ƙare wani ya biyo da kansa, har aka kai Hiroshima, da hotunan waɗanda suka ƙone bayan bam ɗin 6 ga Agusta, 1945. Shigowa na yi na same shi ya kife wayar a ƙasa, ya yi tsuru. Kwanaki yana farkawa cikin dare yana tambayata ko fatar mutum tana narkewa. Wannan bidiyon babu wata katanga a kansa, kuma na so a ce akwai. Malam, kai a aji kana tsaye, za ka dakatar ka yi bayani. A gida yaro shi kaɗai ne da waya.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarki Hajiya, Allah ya ba shi natsuwa. Nima ba zan nuna wa ɗan shekara tara Belsen ba. Damuwata ita ce an zuba shi da 'yar shekara 17 a kwando ɗaya. Finafinan sinima ma a Birtaniya mataki-mataki ake ba su, akwai 12, akwai 15, akwai 18. A intanet kuwa sau da yawa ko a buɗe wa kowa ko a ce 18.

Ɗalibar Jami'a:
Ina shekara 17 na shiga jami'a. An ba mu rubutu kan kisan ƙare dangi na Ruwanda, inda aka hallaka mutum kusan 800,000 cikin kwana kamar 100 a 1994. Bidiyon da waɗanda suka tsira ke ba da shaida, da hotunan cocin da aka kashe mutane, a kulle na same su. Wanda ya buɗe mini ba gardama shi ne na wani mutum zaune a ɗaki yana cewa wai an zuzuta abin. Shi ai ba jini a nasa, baki ne kawai. Sai da yayata ta ba ni aron akawun ɗinta.

Tsohon Mai Tacewa:
Bari in yi magana a matsayin wanda ya taɓa zama a ɗaya ɓangaren. Na yi aikin tace bidiyo a wani kamfani da ke karɓar kwangila. Na'ura ce ke fara tsinto abu: gawa, jini, tutar 'yan Nazi. In ya iso gaban mutum, layi ne mai tsawo, ana kuma ƙirga maka lokaci. Ƙa'idojin sun yi sassauci ga ilimi da tarihi, sai dai dole bayanin ya kasance a jikin hoton, daidai inda mai tacewa zai tsaya. In ka yi bayaninka a minti na biyu gawa ta fito a minti na talatin, ba lallai ya haɗa su ba. Ku rubuta wuri da shekara a kan allon lokacin da hoton ke tafiya, kada kuma ku sa shi a hoton bangon bidiyon, wanda ake gani kafin a buɗe shi.

Kada a manta masu yaɗa ƙiyayya sun iya sa rigar malamai. Na sha ganin faretin 'yan Nazi da kiɗa mai tsuma jiki, a ƙasa an rubuta "don ilimi kawai". Ko dokar Jamus da ta haramta waɗannan alamomi ta ware koyarwa da bincike, amma raba su aikin mai natsuwa ne. Hoton yarinyar nan ta Biyetnam da napalm, wato sinadarin bam mai kama da wuta, ya ƙona a 1972, wanda ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida, Facebook ya cire shi a 2016, ya maido bayan an yi ca a Norwe. Ga kuma dokar kare masu amfani da intanet ta Birtaniya ta 2023, mai tarar da ke iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya. Wanda wannan takobi ke kansa, in ya yi shakka rufewa zai yi.

Mai Haɗa Bidiyo:
Na gode Yallaɓai, zan gwada rubutun kan allo. Amma ga abin da ya biyo baya a wurina. Na cire hoton gawarwakin na sake ɗorawa, ya wuce salin-alin, ya kuma fi duk bidiyona samun masu kallo. A ƙasansa yara na ta musun wace bindiga ta fi wata. Yanzu in ina aiki hannuna da kansa yake tsallake hoto mai nauyi, tun kafin wani ya hana ni. Tankoki da kibiyoyi a kan taswira kawai ke saura, kamar wasan kwamfuta.

Malamin Tarihi:
Ga yadda na ƙare da nawa. Na rubuta wa iyaye takarda, na ce duk ɗalibin da ba ya so yana iya fita, biyu suka fita. Sauran muka kalla tare da majigi, ina dakatarwa. Na gaya musu irin waɗannan hotuna aka haska a kotun Nuremberg ta Jamus ranar 29 ga Nuwamba, 1945, manyan jami'an Nazi da ake yi wa shari'a na zaune. Da aka zo inda sojan Birtaniya ke tura gawarwaki cikin rami da buldoza, ya ɗaure hanci da ƙyalle, wani yaro da bai cika magana ba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shi direban shekararsa nawa?" Mai Haɗa Bidiyo, in tsohon naka na Somme da ba a yanke ba yana nan, turo mini, shi zan nuna musu zango mai zuwa.