Cefane da kuɗi kaɗan: abin da aka tattauna

Yawancin masu magana sun yarda cewa sayen kwano-kwano kullum shi ke cinye kuɗi. Gara gida uku su haɗa kuɗi lokacin kaka, su sayi buhun masara da na wake, su raba.

An fi daɗewa kan adana wake. A shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka har baki, a toshe. In aka bar iska ƙwari za su huda shi, in da damshi zai yi funfuna.

Tumatir da tattasai a yanka a busar da hunturu, kan tabarma saboda yashi. Awara tana maye gurbin nama. A jiƙa wake tun dare don ya yi saurin dahuwa, gawayi zai yi auki.