Teku ko Wikki? Musayar baitoci tsakanin Gombe da Bauchi

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum jama'a. Na dawo daga Ikko lafiya, har na leƙa bakin teku na Elegushi. Ga tsarabata, ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo a kan "ya". Wanda ya karya shi goro na kansa.

Bismillahi da shi na fara,
Mai tudu, Mai kwari da gangara,
Ya shimfiɗa teku ba madogara,
Ya ce mu taka mu ga duniya.

Na kai wake Ikko a tirela,
Jiran kuɗi ya zame mini wahala,
Na ce da in zauna ina ta ƙwalla,
Gara in leƙa Elegushi da safiya.

Tun ban gan shi ba na ji ruri,
Na ɗaga kai ina neman hadari,
Sama tas, rana ta ƙwalle gari,
Ashe ruwa ne ke da wannan murya.

Ido ya tafi bai ga gaɓa ba,
Bai ga dutse, bai ga itace ba,
Ban ga inda ruwan ya ƙare ba,
Sama ta sauko sun zama ɗaya.

Na cire takalmi na riƙe a hannu,
Na bi gefe ina taku sannu sannu,
Na manta wake, na manta shanu,
Kumfa na wanke mini ƙurar hanya.

Igiya ta zo ta rufe ƙafata,
Ta koma ta zare yashin ƙarƙashinta,
Ina tsaye, ƙasa na gudu da kanta,
Na yi salati, yara suka sa dariya.

Mai doki ya zo yana zagawa,
Na ji Hausarsa ta Sakkwatawa,
Muka gaisa, ya rage kuɗin hawa,
Na yi hawan Sallah ni ɗaya.

Kawun Wunti, ina gaisuwa,
Dam ɗin Gubi ai ba ya kaiwa,
Wikki kwatarniya ce ta wankewa,
Zo Ikko ka ga ruwa na gaskiya.

Kawun Wunti:
Wa alaikumus salam. Yau na ga ikon Allah. Jiya-jiya a 1996 muka yaye ku aka ba ku jiha, har kun yi bakin yi wa Bauchi gori? Ni na san tekun nan tun Ikko na babban birnin ƙasa, kafin a koma Abuja a 1991.

Ɗana, sannu da dawowa,
Ka ga ruwa ka zo kana kurantawa,
Tun kana goye nake zuwa,
Bar Beach sunan wurin, je ka tambaya.

A nan aka ɗaure 'yan fashi,
Jikin ganga a kan yashi,
Soja ya harba, taro ya tashi,
Teku na ruri bai ko waiwaya.

Yau je ka nemo mini wurin,
An zuba yashi an danne bakin,
Eko Atlantic suka sa wa birnin,
Talaka sai leƙe ta bayan waya.

Ni ka bar ni da Yankari,
Ta Dindima zan bi tun da wuri,
Mainamaji in biya in shiga sarari,
Giwa ta gitta mini in tsaya.

Wikki ruwa ne mai ɗumi,
Yana ɓulɓulowa ƙasan dutse a kurmi,
Ba gishiri, ba ɗaci, ba tsami,
Jefa kwabo ka gan shi a tsakiya.

Naka ruwan ka kurɓa ka tofar,
Ba gona ɗaya da zai shayar,
Ba saniya ɗaya da zai ƙosar,
Mai ƙishi a gabansa zai sha wuya.

Ɗumin Wikki digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Ko hunturu ya fasa leɓe za ka shiga ka ji kamar an sirka maka. Sai dai ka riƙe ledar abincinka da kyau, birai na wurin ba su san kunya ba.

Ɗan Bolari:
Kawu, Allah ya ja kwana. In birai ne abin tinƙaho, gandun dajin Lekki ma na da su, ga kuma gadar igiya mai tsawon mita 401.

In don biri ne, Lekki na da su,
Kurmi a cikin birni aka bar musu,
Ka bi gadar katako kana kallon su,
Ba ƙaho, ba hayaƙi, ba hayaniya.

Ga ta igiya bisa kan itace,
Kana taku tana lilo a karkace,
Wani ƙato a gabana ya rikice,
Yana kiran iyarsa, ya ƙi tafiya.

Hajiyar Jekadafari:
Kai, ku biyun nan gardama ta yi muku yawa. Nawa tekun Bahar Maliya ne, kuma ba don shi na je ba.

Malam na Wunti, barka da rana,
Ba duk ruwa ne na ban gona,
Wani na ido ne, ka je ka zauna,
Ya sauke maka gajiyar zuciya.

Mun gama Hajji mun sauka Jidda,
Jirgi ya jinkirta kai mu gida,
Wata 'yar Kumo ta ce mini, "Adda,
Taso mu je mu ga Maliya."

Bayan Isha gari ya yi sanyi,
Larabawa sun fito layi-layi,
Darduma, dabino, butar shayi,
Kaka da jika, uwa da ɗiya.

Ba wanda ya zo ciniki ko saye,
Wasu na zaune, wasu na kewaye,
Yara na gudu, ƙanana a goye,
Hutu suka zo yi, ba sa jin kunya.

Ga marmaro can cikin ruwa,
Ya miƙe sama yana ta hauhawa,
Iska na kwasar feshin tana watsawa,
Fitilu na haska shi ta baya.

Masallacin Rahma bisa ginshiƙai,
Teku a ƙasa, ka gan shi sarai,
Na kai goshi, can ƙasan kai
Ruwa na tasbihi da tasa murya.

Abin da ke ci mini rai game da mu,
Ba rashin teku ba ne a ƙasarmu,
Mai gida ya fita da mu da 'ya'yanmu,
Sai majalisa ta sa shi a dariya.

Marmaron na Sarki Fahad ne, ruwansa na tashi sama da mita 250. Amma ni wallahi ba shi ya tsaya mini a rai ba, wani tsoho ne da na ga yana zuba wa matarsa shayi.

'Yar Dadin Kowa:
Goggo, Allah ya saka. Daga cikin garin Gombe zuwa wajenmu bai kai kilomita 40 ba, amma sai mutum ya yi furfura bai taɓa tsayawa bakin ruwan nan ba. Wutar dam ɗin dai, megawat 40, kowa ya iya zancenta.

Goggo, kin sosa wurin ƙaiƙayi,
Ga ruwa kusa, kuɗin mota ba nauyi,
Mai zuwa Biu ko leƙe bai yi,
Sai dai ya sayi kifi a bakin hanya.

Ku zo da asuba ku ga masunta,
Kowa da komarsa yana jan ta,
Tarwaɗa na santsi, a danne ta,
Karfasa kuwa sai kaskon suya.

Dutsen Bima na can yana gadi,
Shinkafar rani shar, ga faɗi,
Iskar yamma na busowa da daɗi,
Bakin kogi ba tikitin da za ka biya.

Sai dai in ka ga kunne biyu a ruwa,
Da wani hanci yana hurawa,
Dorina ce, ba ta wasa kuwa,
Ja jikinka, ba a tsayawa tambaya.

Hamma na Bolari, abin da ka gani,
Da namu a ciki, tsaya ka ji ni,
Gongola na wucewa damina da rani,
A Numan Binuwai ya goya shi a baya.

A Lakwaja suka iske Kwara,
Ta Anaca suka bi suka gangara,
A Delta suka yi rassa suka ƙara,
Teku ya haɗiye su ba ko godiya.

Malamin Yelwa:
Ni labarin ƙasa nake koyarwa, waƙa ba gonata ba ce, in baiti ya yi ɗingishi a ɗauke kai. Kawu ya faɗi gaskiya kan gishiri, kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35. Gaɓar tekun Najeriya kuwa ta kai kilomita 853, daga Badagiri har Kuros Riba, wato Elegushi ɗan yanki ne. Abin da ya sa na sa baki shi ne yashin da Ɗan Bolari ya ce ya zame masa a ƙafa. Abin dariya ne a bakin gaɓa, amma in aka ƙara taku goma ciki ba dariya.

Wata na sama shi ke jan ruwa,
Sau biyu a kwana yana cikowa,
Sau biyu kuma yana janyewa,
Kar ka ba yashin gaɓa ajiya.

Inda ka ga igiya ba ta fashewa,
Ruwan ya yi duhu, ka ce yana hutawa,
Nan ce hanyar da yake komawa,
Ta fi gwanin iyo ƙarfi, ba ƙarya.

In ta ja ka, kar ka yi kokawa,
Kar ka nufo tudu kana dagewa,
Yi iyo ta gefe har ka sami fitowa,
Ɗaga hannu sama, ka ɗaga murya.

Mu 'yan tudu mun koya a kududdufi,
Wanda ba ja gare shi, ba zurfi,
Atilantika ba a gwada masa ƙarfi,
Ruwa iya gwiwa ya isa, ka tsaya.

Kuma tunda ruwanmu can yake zuwa,
Ledar da muka jefa a kwata ma kuwa,
Wata ta maƙale, wata na wucewa,
Ka iske ta a gaɓa tana shanya.

Mai son lallai sai ya jiƙa jiki a Ikko, Tarkwa Bay ta fi masa sauƙi, don duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa sun rage ƙarfin igiya. Da jirgin ruwa ake zuwa. Kar a zauna a ciki sai an ɗaura rigar kariya, ko da mai jirgin ya ce ai kusa ne.

Ɗan Bolari:
Malam, na gode. Adda, na ji, ashe ruwan gida na je gani da kuɗina. To amma akwai inda na je ban yi dariya ba. Badagiri, wajen iyakar Jamhuriyar Binin. Ana nuna wa baƙi wani bene da aka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya, sannan a haye da su tsibirin Gberefu.

Na je Badagiri kusa da iyaka,
Aka miƙo mini sarƙa in ɗauka,
Ta wuyan mutum ce, ga makullin baka,
Hannu biyu na sa, na sha wuya.

Kwale-kwale ya kai mu tsibiri,
Muka bi turba cikin yashi fari,
Wadda bayi suka bi ɗaure a mari,
Ga rijiyarsu nan a gefen hanya.

A ƙarshen turba ban yi hoto ba,
Kyan kwakwar bai sa na ji daɗi ba,
Wanda ya wuce nan bai dawo ba,
Ciki har da Bahaushe da Bahaushiya.

Malamin Yelwa:
Haka ne. An kai Hausawa da dama yankin Bahiya na ƙasar Burazil. A 1835 bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salbado, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Kawun Wunti:
Allah ya jiƙan su. Yaro, wannan karon ba ni da gori. Sai dai in ƙara maka abin da mai yi muku bayani wataƙila bai faɗa ba. Wurin nan, wato farin kuɗi, da kakanninmu suka yi kuɗi da shi daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka riƙa kawo shi, har ya iso kasuwannin da ba su taɓa jin ƙarar igiya ba.

Cikin abin da aka saye su da shi,
Wuri ne, daga teku aka kwaso shi,
Kakanninmu sun ƙirga sun tara shi,
Da shi aka yi sadaki da dukiya.

Hajiya, kin haɗa ni da uwargida,
Jika ya karanta mata, ta tada faɗa,
Ta ce Asabar sai na yarda,
Ko Gubi ne, ta riga ta haɗa kaya.

Hajiyar Jekadafari:
Madalla da jikan nan, a ba shi tukuici.

Ka kai ta, Malam, ban da 'yan majalisa,
Ban da rediyo, ban da zancen siyasa,
Tabarma, shayi, da ƙwaryar masa,
In ta yi magana ka ji, ka ajiye waya.

'Yar Dadin Kowa:
Asabar ta sama kuma wajenmu, Kawu, kai da Inna. Tarwaɗa a kaina, kuɗin mota a kan Hamma na Bolari, tunda an biya shi kuɗin wake.