Shin ragar ɗinkin ƙaba za ta iya riƙe gwiwar da aka sauya?

Ɗalibar likitanci:
Assalamu alaikum, malamaina. An koya mana cewa idan jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri ta tsinke bayan an sanya wa mutum gwiwar ƙarfe, ana iya gyara ta da ragar Marlex, wata raga da aka saƙa da zaren roba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ragar nan siririya ce da aka sani wajen aikin ƙaba. Ta yaya za ta jure jan da ya ninka nauyin jiki yayin hawa bene ko tashi daga zaune?

Likitan ƙashi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ba falle ɗaya ake sanyawa ba. Browne da Hanssen na asibitin Mayo a Amurka, waɗanda suka bayyana dabarar a 2011, ninke ragar suke yi kusan sau takwas har ta zama kamar ɗamara, a kafa ƙasanta cikin ƙashin ƙwauri da simintin ƙashi, a ɗinke samanta tsakanin tsokokin cinya. A rahoton da asibitin ya fitar a 2018 kan mutum 77, gyaran 65 daga cikinsu yana nan a wurinsa bayan kimanin shekara huɗu. A ganina, abin tsoro shi ne saɓulewar ɗinkin daga tsoka da kuma shigar ƙwayoyin cuta, domin zaren kansa ba kasafai yake tsinkewa ba.

Injiniyan kayan asibiti:
Likita, ina da ƙari. Ragar zaren polifurofilin ce, wani nau'in roba, saƙaƙƙe, don haka ƙarfinsa a tsaye ya bambanta da na kwance, kuma bai kamata a yi sakaci da ko a tsaye ko a kwance za a ninke ta ba. Sannan auna nauyin da ke tsinka raga a ja ɗaya bai wadatar ba. Abin lura shi ne yadda take saki a hankali bayan dubban taku, domin ɗan tsawon da ta ƙara shi ke hana ƙafa miƙewa sosai. Jijiyar mamaci da ake dasawa a madadin ragar ma tana da wannan matsalar.

Ma'aikaciyar sashen gashi:
Ƙanwata, ragar ba ta kai ga cikakken ƙarfinta sai nama ya tsiro cikin ramukanta. Shi ya sa ake barin ƙafar a miƙe cikin filasta kusan mako 12, kafin mu fara lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Majinyacin da ya matsu ya durƙusa ko ya zauna a tabarma kafin lokaci yana iya warware aikin gaba ɗaya, don haka tun kafin tiyata muke zama da shi da iyalinsa mu yi musu bayani.