Weichang: gandu ne, fage ne, ko hurumi?

Jama'a, a taimaka mini. Ina fassara wani rubutu kan tarihin ƙasar Sin, sai kalmar weichang ta tsaya mini a wuya tun jiya. Kalmomi biyu aka haɗa: wei, wato kewayewa, da chang, wato fili. Wurin da ya fi shahara da sunan shi ne Mulan Weichang, a arewacin lardin Hebei, wanda Sarki Kangxi na daular Qing ya keɓe a 1681. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, an raba shi kashi 72. Da kaka sarki kan fito da 'ya'yansa da dubban mahaya, har da sarakunan Mongol, su yi wa dabbobi zobe, su riƙa matsowa har sai an tara su a tsakiya, sannan sarki ya fara harbi. Atisayen yaƙi ne aka lulluɓe da farauta. Na rubuta "gandun daji", amma bai kwanta mini ba.

— Malam, dole ya ƙi kwanta maka. Ka ce wa Bahaushe gandun daji, Yankari zai tuna, inda ake kama mai farauta. Can kuwa farautar ce dalilin keɓe wurin. Me zai hana "mafarauta", kamar makaranta da majema?

— Haba Yaya, mafarauta ai mutane ne, jam'in mafarauci! Idan aka rubuta "sarki ya shiga mafarauta", mai karatu zai zaci cikin 'yan farauta ya kutsa. Ni "fagen farauta" na gani, tunda chang fili ne.

— Fage ya yi kaɗan, ƙanina. Fagen dambe ake yi, a share, a watse da magariba. Wurin da ake magana duwatsu ne da dazuzzuka da koguna, da masu gadi da ke hana talaka shiga ya yi noma, ko ya sari itace, ko ya kama ko zomo. "Gandun sarki" kuma gona ce, kowa ya sani. Kalmar da ke ɗauke da wannan hanin ita ce hurumi. Ƙasa ce da hukuma ta ware, aka ce kada a taɓa, shi ya sa ma muke cewa abu kaza ba huruminka ba ne. Hurumin farauta.

— Allah ya ƙara sani, Baba. Na karɓi hurumi hannu bibbiyu. Abin da ya rage shi ne wei, don ma'anar kewayewar ta ɓace. Na yi tunanin "hurumin ƙawanya", sai na ji ya yi nauyi a baki. Don haka zan raba su: ƙasar ita ce hurumin farautar sarki, salon kuma farautar ƙawanya. Af, Mulan ɗin nan ba jarumar da ta tafi yaƙi a madadin mahaifinta ba ce. Daga muran yake, kalmar Manchu, harshen sarakunan Qing, farautar da ake busa wani abu na itace mai kwaikwayon kukan barewa don a jawo ta. Ya tuna mini da maharbanmu masu ɗaura kan burtu.

— To yau fa, Malam? Na ga Weichang a taswira.

— Wannan sunan gunduma ne yanzu, ƙarƙashin birnin Chengde, kuma ba a fassara sunan gari. Farautar ta tsaya bayan rasuwar Sarki Jiaqing a 1820, a 1863 aka fara barin manoma su shiga, itatuwa suka yi ta ƙarewa, sai a 1962 aka kafa gonar itatuwa ta Saihanba don sake dasa su. Shi Saihanba ɗin, gandun daji ya dace da shi daidai. Idan ana maganar tarihin wurin kuwa, "tsohon hurumin farautar sarakunan Qing" zan rubuta.