Kuɗin ajiyar Inna sun yi fumfuna, kuma an ba ni jika goma ta jabu: ina neman shawara

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Abubuwa biyu ne suka same ni a mako guda, kuma ina roƙon wanda ya san harkar takardun kuɗi ya haska mini. Na farko, mahaifiyata ta shekara huɗu tana tara abin da ƙannena suke aiko mata daga Abijan, tana ƙunshe shi a leda ta sa a gwangwanin madara, ta tura ƙarƙashin gado. Da muka buɗe bayan damina, sai muka tarar takardun sun manne da juna, sun yi baƙin fumfuna a gefe, robar da aka ɗaure su da ita ta narke ta kama na sama. Na biyu, na sayar da albasa buhu biyu daf da magariba ga wani baƙo mai gaggawa, washegari da na kai kuɗin wurin mai shagon da yake bi na bashin kaya, ya zare jika goma guda ya ce ta jabu ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ce ta fi kowace kyau da ƙyalli a cikin damin. Yaya za mu ceto kuɗin Inna, kuma da me mutum zai gane jabu alhali yana tsaye a tsakiyar kasuwa?

Tsohon mai karɓar kuɗi, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Na yi shekaru ina ƙirga kuɗi a bayan gilashi, kuma abin da na lura shi ne mutanenmu suna tsoron tsohuwar takarda suna amincewa da sabuwa, alhali mai buga jabu ba ya wahalar da kansa da kwaikwayon dala ɗari mai datti, jika biyar da jika goma yake nema.

Ka fara da yatsa kafin ido. Takardun da bankin BCEAO, babban bankin da ke buga sefarmu, yake fitarwa ba irin takardar littafin makaranta ba ce, da auduga ake yin su, shi ya sa idan ka kaɗa sabuwa kusa da kunne za ka ji tana ƙara mai kauri, ta jabu kuwa ko ta yi laushi kamar tsumma ko ta yi santsi kamar an shafa mata mai. Ka bi da farce a kan manyan lambobi da sunan bankin da ke fuskar takardar, za ka ji tawadar ta ɗan tasa, domin da matsi mai ƙarfi ake buga ta, abin da injin ɗab'i na ofis ba ya iyawa. Wannan gwajin ko a duhu yana aiki, kuma da shi ka yi a wannan magaribar da wataƙila ba mu zo nan ba.

Bayan haka ka ɗaga ta sama ta fuskanci rana ko fitilar waya. A farin filin da ba a yi zane ba, siffar kifin nan mai baki kamar zarto za ta fito daga cikin jikin takardar, da haske da inuwa masu shiga juna a hankali. Kifin shi ne tambarin bankin, an ɗauko shi daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan na Gana da Kodebuwa. A ta jabu ana zana shi ne a sama da tawada mai fari-fari, sai ka gan shi ko takardar tana kwance a kan tebur, kuma gefensa a yanke yake kamar hatimi. Haka zaren da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa, a cikinta yake, ba layi ba ne da aka ja. Jika biyar da jika goma kuma suna da wata ɗamara mai walƙiya wadda hotonta yake sauyawa idan ka karkata takardar, masu jabu kuwa sukan liƙa farar takardar kwalin taba mai ƙyalli wadda ba ta sauya komai.

Idan dami aka miƙo maka, ka duba lambobin. Kowace takarda lambarta daban, kuma lambobi biyu na farko suna nuna shekarar da aka buga ta. Na taɓa zare takarda uku masu lamba ɗaya sak daga hannun wani dattijo da ya sayar da sa, bai san komai ba, kuma har yau ina tuna yadda ya zauna a ƙasa ya cire hularsa. Ita kuwa wadda take hannunka, kada ka yarda wani ya ce maka ka shigar da ita cikin cunkoso ta wuce, domin wanda ya san jabu ce ya ba wani ya shiga laifi, kuma gargaɗin hukunci a rubuce yake da Faransanci a jikin kowace takarda. Ka kai ta komisariya ko wurin jandarmomi ka faɗi yadda ta zo maka. Ba za a biya ka ba, gaskiya ke nan, amma ka fita daga zargi.

Uwar adashe, daga unguwar Wadata, Yamai:

Ɗana, ni kan maganar Inna zan tsaya, domin kuɗin mata fiye da ashirin suna kwana a ɗakina kowane wata. Leda ita ce ta cuce ku. Takardar da ta fito daga haɓar zane ko aljihu tana ɗauke da gumi, idan aka ƙulle ta a leda aka ajiye a ƙasan ɗakin laka lokacin damina, damshin ba shi da hanyar fita. Kada ku yi garajen ɓamɓare su, kada ku shanya a rana mai zafi, kada kuma a sa dutsen guga. Ku shimfiɗa damin a inuwa inda iska take ratsawa, a kan farar takarda, ku bar shi kwana biyu ko uku, sannan a riƙa raba su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa marar kaifi. Wadda ta yage ku haɗa gutsattsarinta duka a ambulan guda, musamman wurin lamba, kada a yar da ko ƙanƙane.

Waɗanda suka lalace sosai ba a kasuwa za ku kai su ba, inda za a zaftare muku kashi a ce taimako aka yi. Bankin BCEAO yana karɓar takardun da suka lalace ya bincika ya canza, yana da babban reshe a Yamai da wasu a Maraɗi da Damagaram, kuma bankin da kake hulɗa da shi a Tawa zai faɗa maka hanya mafi kusa. Nan gaba a riƙa jera su a miƙe cikin ambulan na takarda, a ɗaure da zare maimakon roba, a sa a akwatin ƙarfe a ɗora a sama nesa da bango saboda gara da ɓera, kuma a buɗe a duba duk wata.

Akwai wani haɗari da ya fi fumfuna, wanda yaran yanzu ba su gani ba. A shekarar 2004 an janye takardun da aka fitar tun 1992, aka ba da 'yan watanni a canza su da waɗannan da muke riƙe yanzu, waɗanda suka fito a 2003. Tsofaffi da yawa a ƙauye sun ji labari a makare, wata maƙwabciyarmu ta tono tukunyarta bayan wa'adi ya wuce. Don haka a bar wa Inna na cefane da na biki a hannu, sauran a lallashe ta a kai banki da sunanta.

Ɗan canji, daga Ƙonni:

Alhaji da Hajiya sun gama magana, ƙari kaɗan zan yi. Tunda kuɗin Inna daga Abijan suke zuwa, za ka ga harafin A kusa da lambar, kada wani ya ce maka ba na nan ba ne. Harafin ƙasar da aka fitar wa takardar yake nunawa: H ta Nijar, A ta Kodebuwa, B ta Benin, C ta Burkina Faso, D ta Mali, K ta Senegal, T ta Togo, S ta Gine Bisau, kuma dukansu suna ci a ƙasashen takwas. Wadda ba ta ci a nan ita ce sefar BEAC ta su Cadi da Kamaru, ba jabu ba ce, amma mai shago ba zai karɓa ba. Ka kuma riƙe bayan takardun a ka: dorina a dala ɗari wadda ta fito a 2012, raƙuma a jika guda, kifi a jika biyu, namun daji masu kama da barewa a jika biyar, tsuntsaye a jika goma.

Mu a bakin iyaka muna amfani da ƙaramar fitila mai shuɗin haske. Takardar gaske ba ta ɗaukar hasken, ta ofis kuwa tana yin fari fat. Sai dai takardar gaske da aka wanke cikin aljihu da garin sabulu ita ma tana haskawa, don haka fitilar kaɗai ba ta yanke hukunci. Maganar Hajiya kan wa'adi kuma mun sake ganinta a farkon 2023, lokacin da Najeriya ta sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, masu ajiyar naira a gida suka rasa inda za su sa kansu.

Ɗan Adar, daga Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗaga jika goman a rana kamar yadda Alhaji ya ce, kifin yana nan kwance a sama kamar an shafa alli, farcena kuma bai ji komai ba a kan lambar. Na ajiye ta daban, gobe da safe zan kai ta komisariya tare da mai shagon domin ya shaida. Hajiya, mun shimfiɗa kuɗin Inna a ɗakin baya tun jiya, takarda goma sha ɗaya sun rabu lafiya, shida har yanzu a manne suke kuma ba mu taɓa su ba. Inna ta yarda da akwatin ƙarfe, maganar banki kuwa ta ce sai ƙanena ya dawo daga Abijan da salla su zauna su uku.