Waɗanda suka san tafkin Barombi Mbo, ku zo mu ji labarin kifinsa

Ɗan Kumba: Salamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zama a Kumba ta Kamaru ya ba mu abin da ya gani da idonsa. Ni a unguwar Hausawa na tashi, ruwan tafkin nan muke sha a famfo. Muna yara duk kifinsa karfasa muke ce masa. Ashe dangin karfasa iri 11 ne a ciki, kuma babu su ko'ina a duniya sai nan. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa yawancinsu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Abin yana damuna ƙwarai.

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Na sha sayen kifi a hannun masuntan Barombi. Wanda ba na mantawa shi ne pungu, rawaya da ɗigon baƙi, ga leɓe mai kauri. Wani dattijo ya nuna min soson ruwa manne a jikin icen da ya nutse, ya ce abincinsa ke nan. Da gura, wato tarkon kifi, ya koyi kamun kifi, amma yaran yanzu raga suke zubawa, ita kuwa ba ta barin ƙanana.

Malamar Kimiyya: Alhaji, ni kifin da ake kira dikume ne ya fi ba ni mamaki lokacin da na kai ɗalibai. Tafkin bakin tsohon dutse ne mai aman wuta, zurfinsa kusan mita 110, amma oksijin ba ya wuce mita 40 na sama. Dikume yana nutsawa inda iskar ta yi ƙaranci yana cin tsutsa, don jininsa na riƙe oksijin fiye da na sauran. Idan laka ta ƙara cinye iskar, ina zai koma?

Direban Koko: Malama, lakar nan daga gangare take. Na ɗauki lodin koko a gefen, na ga inda aka sare daji aka yi gona. Ruwan sama ɗaya, ja ƙasa ta gangaro, ga maganin feshi.

Ɗan Kumba: Tun 2006 aka sa tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi da tafkuna. Yaya Direba, ka taɓa ganin mai gadi a bakin ruwan?

Direban Koko: Ni dai masunta kawai na tarar.