Don Allah masu sanin tsofaffin motocin Ingila ku taimaka, MGB ɗina tana ambaliyar mai

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. MGB ce ta 1971, inji 1798cc, na saya wajen wani dattijo maƙwabcinmu a nan Ingila, tun matarsa na raye yake fita da ita ran Lahadi, da ta rasu ya kulle ta a gareji ya ce ganinta na tayar masa da hankali, har ya yi min ragi don yarana na gaishe shi kullum, shi ya sa ba na son ta lalace a hannuna wallahi. Asalin fanfon manta na kamfanin SU yana maƙalewa sai na buga masa sifana ya fara tik tik, na canza shi. Yanzu warin fetur ya cika gareji, mai na ɗiga ta ƙasan kafireta (na'urar da ke haɗa fetur da iska wa inji), uwargida ta ce ko a gyara ko a fitar da ita. In cire kafiretocin biyu, su ma na SU ne, in sa kafiretar kamfanin Weber?

Injiniya: Cire su kawai. Weber 32/36 guda ɗaya, ka huta da daidaita biyu da zuba man inji a dashpot, wato ƙoƙon da ke saman kafiretar SU. Na faɗa maka magana ta ƙare.

Kawu na Leeds: Wane fanfo ka sa ɗana? Ba ka faɗa ba. Kafiretar SU ba ta son matsin mai da yawa, kamar psi 2 zuwa 3 a ma'aunin matsi ya ishe ta. Ya wuce haka sai ya fi ƙarfin allurar fulot da ke tsayar da mai in kafireta ta cika, mai ya yi ta malala. Kuma kada ka sake tada ta a cikin gareji, kafiretocin nan saman salansa suke.

Mai tambaya: Kawu, fanfon sabo ne fil a kwali, a intanet na saya, masu saye duk sun yaba. Ba na jin shi ne.

Baban Yara: Ni wani bakanike ya riƙe min mota tun kafin azumi, kullum sai ya ce kaya na hanya, kuɗin aiki kuwa ya karɓa tun ranar farko. Allah ya isa. Mutanen nan ba tsoron Allah.

Injiniya: Shi ya sa na ce Weber. Ba bakaniken da zai wahalar da kai, duk wanda ya ce SU ta fi bai taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba.

Kawu na Leeds: Injiniya ita ma Weber ɗin matsi kaɗan take so, zai kashe kuɗi ya dawo gidan jiya in bai sa regileta mai rage matsin mai ba. Sannan tun Satumba 2021 fetur na yau da kullum a nan E10 ne, wato mai gaurayen sinadarin ethanol har kashi 10 cikin ɗari, ethanol ɗin yana cin tsohon tiyon roba. Wanne kake zuba mata?

Mai tambaya: E10 mana, E5 mai ƙarancin ethanol tsada gare shi. Kuma dattijon ya kula da ita sosai, tiyonta lafiya lau a ido.

Maman Biyu: Ni dai ina bayan uwargida. In za ka canza kafireta ka sanar da masu inshora, kada wani abu ya faru su ƙi biya.

Injiniya: Ka turo min lambarka in nuna maka wacce za ka saya.

Mai tambaya: To in na sa Weber ɗin zan iya barin fanfon nan? Don na riga na yar da kwalinsa, ba za su karɓa ba.